Gashin Bakin Akanta da Lamba Gagara-Rabo

In ka tambayi Akanta, zai gaya maka babu mutumin da duniya ta zalunta kamarsa. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwar da ta dace da babban ofis mai kujera mai juyawa, sai ga shi a shagon lemo, an matse shi tsakanin Mai Aski da Tela, mutum biyun da a ganinsa ko ƙwai aka ba su su ƙirga sai sun fasa rabi. Sunan Akanta ma tun yana saurayi ya samo shi, lokacin da ya taɓa riƙe wa wani akanta jaka na ɗan lokaci. Akantan ya yi ritaya an manta da shi, suna ya zauna wa mai riƙon jaka.

Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko gashin bakinsa, baƙi wuluk da taimakon wata 'yar kwalba da yake ɓoyewa a bayan firji, murɗaɗɗe ta gefe biyu kamar ƙahon rago. Ba ya barin aska ta kusance shi. Ko aski ya je, tafin hannu yake sawa ya kare shi har a gama. Na biyu kuwa daɓen shagonsa, wanda aka shimfiɗe da ƙananan tayil farare, kowanne bai fi faɗin yatsa uku ba. Ranar da aka yi aikin, katan goma mai tayil ya buɗe, kowane katan guda dubu, suka ƙare kaf, sai ga gurbi ɗaya ya rage a kusurwar bakin ƙofa. Mai tayil ya laluba aljihu ya zaro wani ja ya liƙa, ya kaɗe hannu ya ce, "Dubu goma da guda ɗaya ke nan." Tun daga ranar Akanta ke kallon jan tayil ɗin nan kamar baƙon da ya zo biki ba gayyata.

Wata rana da tsakar rana Ticha, mai koyar da lissafi a makarantar bayan titi, ya shigo ya zauna a benci yana fifita da takardun jarrabawa.

"Ba ni mai sanyi, Akanta. Yaran nan za su kashe ni. Na yi na yi su gane lambar da ba ta rabuwa, sun ƙi."

Akanta ya murɗa gashin baki. "Akwai lambar da ba ta rabuwa?"

"Da yawa. Ɗauki goma sha uku. Jera abu goma sha uku sahu-sahu daidai ka gani. Sahu biyu, ɗaya zai yi saura. Sahu uku, ɗaya zai yi saura. Ba ta yarda da kowa sai kanta da ɗaya."

"Ikon Allah! Lamba mai zuciya ke nan." Idonsa ya faɗa kan jan tayil. "To dubu goma da guda ɗaya fa?"

Ticha ya duba agogo ya miƙe da kwalba a hannu. "Sai an gwada. Ka raba ta da kowace lamba har zuwa ɗari. In babu wadda ta raba ta ba saura, to ita ce." Ya fice.

Akanta ya jawo kalkuletarsa daga ƙarƙashin kanta. Tsohuwa ce, an ɗaure bayanta da roba, kuma tun ranar da lemo ya zube a kanta maɓallin bakwai ya daina aiki. Wannan bai taɓa damunsa ba. Ya raba da biyu, saura ɗaya. Ya raba da uku, saura biyu. Huɗu, biyar, shida, duk suka sha ƙasa. Da ya zo kan bakwai ya danna, ya sake dannawa da farce, shiru.

"Shida ta kasa, takwas za ta kasa, ke wace ce a tsakaninsu?" in ji shi, ya tsallake ta.

Haka ya yi wa sha bakwai, da ashirin da bakwai, da duk danginsu. Da ya kai saba'in ya ga gidan gaba ɗaya na bakwai ne, sai ya yi musu sallama daga waje ya wuce tamanin. Kafin la'asar ya isa ɗari. Ya ajiye kalkuleta a hankali, ya fito bakin ƙofa ya tsaya a kan jan tayil, ya yi gyaran murya irin wanda ake yi domin maƙwabta su ji.

Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Ƙashi ne ya maƙale maka?"

"Ilimi ne, mutumina, ba za ka san ciwon ba. Na gano lambar da duk duniya ba mai iya raba ta."

Tela ya tsayar da keken ɗinki. "Lambar wayar wa?"

"Ka ji irin mutanen da aka haɗa ni zama da su," in ji Akanta yana duban sama. Ya ɗauki alli ya rubuta a jikin ƙofa, ɓaro-ɓaro: 10001. "Ku dube ta da kyau. Ta gaba ka karanta, ta baya ka karanta, fuska ɗaya ce, ba ta da munafunci. Ɗaya a nan, ɗaya a can, kamar masu gadi biyu. Ɗari sau ɗari ce, sannan ta ɗora ɗaya a ka kamar hula. Lambobi iri-iri ne kamar mutane. Akwai marasa ƙashin baya irin dubu goma, biyu ta zo ta raba ta, biyar ta zo ta raba ta, kowa ya zo ya yagi rabonsa. Akwai kuma masu aji. Wannan sunanta Gagara-rabo, ni na raɗa mata."

"Ni dai abin da na sani," in ji Mai Aski, "duk abin da ya yi yawa yana rabuwa. Gashin bakin nan naka ma da za ka ba ni minti biyu..."

"A kansa nake magana!" Akanta ya dafa gashin bakin da yatsa biyu. Bakinsa ya riga hankalinsa fita. "Zan kawo murfin kwalba dubu goma da guda ɗaya. Duk wanda ya jera su sahu-sahu daidai, sahu fiye da ɗaya, kowane sahu fiye da murfi ɗaya, babu saura, ya aske shi a gaban jama'a. In rana ta faɗi ba a iya ba, ka cire hoton ɗan ƙwallon nan da ke saman madubinka ka rataya nawa."

Mai Aski ya ajiye almakashi ya miƙo hannu da sauri kamar mai tsoron kada ciniki ya tashi. "Tela, ka shaida."

"Na shaida. Ni zan ɗinka maka ƙyallen rufe baki, Akanta, kyauta."

"Kuma ban da waya," Akanta ya ƙara. "Lissafin waya na ragwaye ne. Hannu da murfi kawai."

Tara murfin ya fi faɗarsa wuya. Buhunan da ya daɗe yana jibgewa a bayan shago ba su kai ba. Ya bi shagunan wasu masu lemo yana roƙo, yana cewa bincike yake yi. Ya koma buɗe wa mutane kwalba tun kafin su ce suna so. Da abin ya ƙi cika sai ya koma sha da kansa, har ta kai ba ya iya gama jimla ba tare da gyatsa ta raba masa ita biyu ba. Buhunan kuwa ya kwashe su zuwa gida ya tura ƙarƙashin gado, wai kada maƙiya su rage masa ɗaya.

Matarsa ta jure har ranar da ta ɗaga katifa ta ga tururuwa sun kafa gari.

"Baban yara, ko ni ko buhunan nan."

"Uwargida, tarihi ake kafawa a ƙarƙashin gadon nan."

"Tarihin yana cizo. Wai da wace kalkuleta ka yi lissafin? Ba dai gurguwar nan ba, wadda in abu ya kama saba'in sai ka ce wa mai saye ya ƙara goma ya zama tamanin?"

"Bakwai ba ta da wani tasiri a harkar manyan lambobi."

"To. Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin leɓenka na sama ba. In Allah ya nufa in gani kafin in mutu, ba zan ƙi ba."

Akanta ya fita yana girgiza kai. A gidansa ma, a kan gadonsa ma, ba a san darajarsa ba.

Ranar da aka sa, ya fito cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, gashin baki ya sha mai har yana ɗaukar ido. An shimfiɗa tamfol a bakin titi gaban shagunan uku, an zazzage buhuna. Jama'a sun taru fiye da yadda ya zata: masu gyaran babur, masu jiran mota, matan da suka fito cefane suka fasa. Mai Aski ya fito da kujerarsa ya kafa ta a gefen tamfol, ya rataya tawul a kanta, ya zauna yana wasa aska a jikin fata, shuu, shuu.

Aka fara da ƙirga. Kowa ya tsuguna ya tara ɗari-ɗari, aka yi tsibi ɗari, sai ga murfi ɗaya tilo a tsakiyar tamfol. Akanta ya ɗaga shi sama kamar kofin gasa.

"Kun gan shi? Wannan shi ne Auta. Shi ne mai hana ruwa gudu. Bismillah, ku raba."

Tela ya ce a yi gida biyu. Aka ja tsibi hamsin nan, hamsin can, Auta ya tsaya a tsakiya ba uwa ba uba. Aka yi gida huɗu, Auta. Gida biyar, Auta. Gida goma, Auta dai. Wani mai gyaran babur ya ce a gwada uku, aka wargaza tsibi aka sha wahala, a ƙarshe biyu suka yi saura.

"Ya samu abokin hira," in ji Akanta. Yana zagaya tamfol hannu a baya, yana ba da shawara. "Ku gwada shida mana. Kada ku ji kunya. Mai Aski, ka fara neman ƙusa, hoton nawa yana da nauyi, firem ɗin gilashi ne."

Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka sake mayar da murafe ɗari-ɗari domin a gwada wata lambar. Tsibi ɗari suka cika. Aka duba tsakiyar tamfol.

"Ina Auta?" in ji Tela.

Aka ɗaga gefen tamfol. Aka duba ƙarƙashin takalma. Wata mata ta zazzage kwandon cefanenta. Babu Auta.

Mai Aski ya miƙe a hankali ya kaɗe tawul. "Dubu goma cif. Sahu ɗari, kowanne ɗari, ba saura. Wannan ba ita ce marar ƙashin bayan ba? Taso, mutumina, kujera ta yi sanyi."

"Sata ce! An sace min ɗa da rana tsaka!" Akanta ya daka tsalle ya faɗa shago, ya fito da kwalba, ya ɓalle murfin ya jefa tsakiyar tamfol. Don kada a ce ya yi asara ya kafa kai ya shanye. "Ga wani Autan. Dubu goma da..." gyatsa ta ƙwace masa, "...da guda ɗaya."

Ya juya zai koma kujera, sai dariya ta tashi daga bayansa. Ta fara daga matan cefane ta bi ta kan masu gyaran babur. Tela ya matso, ya sa yatsa biyu a bayan rigar ɗaurin aure, daidai mazaunai, ya ɓanɓaro wani abu mai danƙo.

"Ga ɓarawon ɗanka. Kai ka zauna a kansa."

Ya jefa shi kusa da sabon. Mai Aski ya duba su biyun, ya duba Akanta.

"Dubu goma da biyu. Gida biyu, kowa ya ɗauki Auta ɗaya. Taso."

"Ɗaya na wucin gadi ne! Mataimaki ne! Tun da mai kujera ya dawo, ya sauka!" Akanta ya duƙa zai ɗauke sabon, Mai Aski ya riƙe masa hannu, Tela ya riƙe Mai Aski, jama'a suka matso kowa na faɗin ra'ayinsa. Ana cikin haka babbar motar kawo lemo, wadda Akanta ya manta ranar zuwanta ce, ta yo baya-baya tana neman bakin shago. Tayarta ta kama gefen tamfol ta ja. Tsibi ɗari suka tashi gaba ɗaya. Murafe suka bi titi suna ƙara kamar an zubar da kwanukan gari, wasu suka gangara ƙarƙashin motoci, wasu suka nufi kwata.

Akanta ya tsaya baki buɗe. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Katan nawa za a sauke?"

Mutanen titin ba su da mugunta. Kowa ya duƙa ya shiga tsinta, suka cika buhuna. Sai dai sun tsinto har da waɗanda suka shekara a bakin kwata, masu tsatsa, da waɗanda mota ta take suka zama faifai, har da maɓallin riga guda biyu. Da aka gama, buhunan sun fi yadda suka zo nauyi.

Mai Aski ya duba rana, ta karkata. "Yanzu ba wanda ya san ko nawa ne. Kafin a sake ƙirgawa duhu ya yi. A bar maganar, kowa ya riƙe abinsa, kai da gashin bakinka, ni da ɗan ƙwallona."

Da Akanta mutum ne mai jin magana, da nan labarin ya ƙare lafiya. Amma ya riga ya biya mai hoto, ya riga ya zaɓi wanda ya fito da murɗin gefen dama sosai. Ya hango hoton yana komawa gida ya zauna a ƙarƙashin gado tare da tururuwa. Sai wata dabara ta faɗo masa, mai kyau har ya ji tausayin sauran mutane da ba a ba su irin kansa ba.

"Wa ya ce sai an ƙirga? Kai, zama da marasa ilimi wahala ne. Daga ina kuke zaton na samo lambar? Daɓen shagon nan tayil dubu goma da guda ɗaya ne, a gabana aka liƙa su. A fitar da kaya! Kowane tayil a ɗora masa murfi ɗaya. Abin da ya rage na titi ne, a mayar masa da kayansa. Sannan a kwaso su a ci gaba da gasa."

Jama'a suka ce wallahi dabara ce. Akanta ya murɗa gefen dama, ya murɗa na hagu.

Aka cire firji daga wuta aka turo shi waje. Da aka ja shi, 'yar kwalbar nan ta bayansa ta gangaro har gaban Tela. Ya ɗauka ya karanta a fili, "Baƙin shuni na gashi."

"Na takalmi ne," in ji Akanta, ya fizge ya sa a aljihu.

Aka fitar da kanta da benci da akwatunan kwalabe. Mutane suka cire takalma suka shiga, suka faro daga bangon ciki suna ja da baya, kowa da sahunsa. Akanta ya tsaya a bakin ƙofa yana ba da umarni kamar mai kula da ginin gada.

"Kai mai jar hula, sahunka ya karkace. A miƙe nake so! Kowane murfi a tsakiyar gidansa. Mai Aski, kai ma tsuguna, yau ka yi aikin ilimi ko sau ɗaya."

Mai Aski ya tsuguna ya yi nasa. Daɓe ya yi ta cika, mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage jan tayil kaɗai a kusurwar ƙofa. Akanta ya hana kowa taɓa shi. Ya ɗauki ragowar da ke gindin buhu, da maɓallan rigar, ya watsa su kwata da hannunsa. Sannan ya zaro Auta na asali, wanda ya adana a aljihun gaba, ya hure shi, ya durƙusa da rigar ɗaurin aure ya ɗora shi a kan jan tayil.

"Dubu goma da guda ɗaya," in ji shi. "Ba ƙari, ba ragi. Akwai mai musu?"

Babu mai musu. Har tafi aka yi masa. Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya faɗa kan daɓen, murafe suna ƙyalli daga bango zuwa bango.

Daidai nan matarsa ta iso da kwanon abincinsa, don tun safe bai koma gida ba. Ta ratsa jama'a ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Kai, amma sun yi kyau!" in ji ta. "Baban yara, kai ka tsara su haka? Dubi yadda suka jeru sahu-sahu, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ko ɗaya bai yi saura ba."

Tafin ya tsaya.

Akanta ya duba daɓen. Shekara da shekaru yana taka shi, yana share shi, yana goge shi da tsumma, yau ne ya fara ganinsa. Ya ji gefen dama na gashin bakinsa yana saukowa da kansa.

Mai Aski ya matso. Ya bi bakin ƙofa a tsugune yana taɓa sahun farko da yatsa. Tela ya leƙa ta taga yana ƙirga na jikin bango.

"Saba'in da uku," in ji Mai Aski.

"Ɗari da talatin da bakwai," in ji Tela.

Matar Akanta ta ajiye kwano. "Duka biyun da bakwai a ciki," ta ce a hankali, kamar mai yi wa kanta magana.

Ƙafar Akanta ta fara tafiya ita kaɗai, ta je ta rufe Auta.

"Ɗaya ya ɓace," in ji shi. "Kun gani, akwai gurbi."

"Ɗaga ƙafarka, mutumina."

"Jan tayil ɗin ma ba ɗan gida ba ne. Daga aljihu ya fito. Ba a san asalinsa ba."

"Ɗazu kai ka durƙusa masa."

Akanta ya ja numfashi, ya gyara riga, ya juyo ya fuskanci jama'a da murmushin wanda ya tuna yana da sauran harsashi. "To, mu bi ƙa'ida. Me na ce? Na ce duk wanda ya jera su shi zai aske. Wa ya kawo dabarar? Ni. Wa ya sa na ƙarshe? Ni. Saboda haka ni na ci gasa, askin nawa ne. Kuma ni mutum ne mai yafiya. Na yafe wa kaina."

Har wasu suka fara gyaɗa kai. Sai Tela ya ɗaga hannuwansa, yatsun duk tsatsa.

"Ni na jera sahu tara, gwiwata ta shaida. Ban yafe ba."

"Ni ma ban yafe ba," in ji mai jar hula.

"A raba gashin bakin kowa ya samu rabonsa," in ji wata daga matan cefane.

"Ba sai an wahala ba," in ji Mai Aski yana kaɗe kujera. "Shi wannan gida biyu yake rabuwa, kuma na yi muku alkawari ba za a samu saura ba."

Akanta ya duba matarsa neman ceto. Ta gyara mayafi ta matso gaba don ta samu wurin gani sosai.

Ya hau kujerar kamar wanda za a naɗa wa sarauta, ya ɗaga haɓa. "Ku shaida, an zalunci ilimi a titin nan." Aka ɗaura masa tawul. Aska ta bi gefen dama, shuu, jama'a suka ce "Ɗaya!" Ta bi na hagu suka ce "Biyu!" Mai Aski ya goge wurin, ya miƙo madubi. Ƙarƙashin hancin Akanta ga wani fili fari tas, wanda rana ba ta taɓa gani ba.

Matarsa ta daɗe tana kallo. "Ashe kana da leɓe," ta ce. "Kuma ba laifi. Ka ci abincinka tun bai huce ba, yau babu abin da zai tare maka miya."

Ana cikin mayar da firji Ticha ya iso, an tashi daga makaranta. Ya duba daɓen, ya duba lambar da ke jikin ƙofa, ya duba fuskar Akanta ya kasa gane shi sai da ya yi magana. Da aka ba shi labari ya yi dariya har ya zauna a kan akwatin kwalabe.

"Saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai. Kash, Akanta, ka yi kusa! Da shida ka ƙara a kai. Dubu goma da bakwai, ita kam ba mai raba ta."

Akanta ya sauke ƙyallen da Tela ya riga ya miƙa masa. Idonsa ya kawo haske.

"Kun ji? Kun ji da kunnenku? Shida kawai! Cikin dubu goma na kuskure da shida, kuma aka yi min wannan wulaƙanci. Dama ita nake nufi tun farko. Uwargida, miƙo min kalkuleta."

Ta miƙo. Ya danna ɗaya, ya danna sifiri uku, ya kai yatsa kan bakwai. Ya danna. Ya danna da farce. Ya buga ta a gwiwa ya sake dannawa.

"Ba komai," in ji shi, ya kife ta. "Ba sai an gwada ba, daga ganinta ka san mai aji ce. Wa zai ja da ni?"

Hannunsa ya tafi neman abin murɗawa ya tarar da fili. Mai Aski, wanda ya fara naɗe tawul, ya tsaya. Ya karkata kai yana duban girar Akanta, ta dama da ta hagu, sannan ya warware tawul ɗin ya mayar da shi kan kujera.